Motsa Jiki da Cimaka: Darasi Daga Dutsen Abba

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dutsen Abba, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya, ya san irin dattijon nan da ya haura shekara 70 amma har yanzu yana saɓa fartanya ya nufi gona da sassafe, ranar da ya ga dama kuma ya hau kekensa ya shiga Tudun Wada cefane ya komo. Ya kuma san wani magidancin, wataƙila ma ɗan wannan dattijo ne, wanda bai cika 50 ba, yana aikin ofis ko tsaron shago a cikin gari, amma tuni likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini ko na ciwon sukari. Uba da ɗa ne, jininsu ɗaya, iskar da suke shaƙa ɗaya. To, me ya bambanta su?

Ba muna cewa mutanen da sun fi mu lafiya ta kowace fuska ba ne. A zamaninsu ƙyanda da agana da zazzaɓin cizon sauro sun kashe yara masu yawan gaske, kuma allurar rigakafi da magungunan zamani sun rage wannan asara ƙwarai. Sai dai akwai abubuwa biyu da rayuwarsu ta ba su kyauta, ba tare da sun nema ba: jikinsu yana cikin motsi kullum, abincinsu kuma yana fitowa daga gona kai tsaye. Mu kuwa acaba da injin niƙa da wayar hannu da lemon kwalba sun ɗauke mana waɗannan biyu ba tare da mun ankara ba. A wannan darasi za mu duba abin da kimiyya ta gano game da su, da yadda ɗalibi zai mayar da su cikin rayuwarsa da gangan, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Jiki da Lissafin Ƙarfi

Jikin ɗan Adam yana buƙatar makamashi kamar yadda murhu yake buƙatar itace, kuma abinci shi ne makamashin. Masana suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Kalori 1 na abinci shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita 1 da digiri 1 a ma'aunin Selsiyos. Giram 1 na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram 1 na furotin shi ma 4, amma giram 1 na mai ko kitse yana ba da 9, wato fiye da ninki biyu.

Ko mutum yana barci jikinsa yana ƙona makamashi, domin zuciya ba ta hutawa, huhu yana numfashi, ƙoda tana tace jini, ƙwaƙwalwa tana aiki. A ƙiyasi, baligi yana ƙona kusan kalori 1 a kowace awa a kan kowane kilo na nauyinsa idan yana hutawa. Saboda haka mai nauyin kilo 60 zai ƙona kimanin kalori 1,400 a dare da rana ko da bai tashi daga kan tabarma ba. Duk wani motsi da ya yi ƙari ne a kan wannan. Idan ya yi tafiyar sauri ta awa 1 zai ƙona kimanin kalori 220, idan kuwa huɗa ce ko faskare, abin ya fi haka nesa.

Idan abin da ya shiga ya yi daidai da abin da aka ƙona, nauyin jiki yana tsayawa wuri ɗaya. Idan abin da ya shiga ya gaza, mutum ya rame. Idan kuwa ya yi yawa, jiki ba ya zubar da rarar, sai ya mayar da ita kitse ya adana a ƙarƙashin fata da kewayen hanji da hanta. Manomin Dutsen Abba zai iya tashi da malmala 3 ta tuwon dawa bai yi teɓa ba, domin kafin la'asar gona ta cinye su. Ɗansa da ke zaune a shago, idan ya ci irin wannan, ya ƙara da lemo, rarar tana nan a jikinsa tana taruwa shekara da shekaru.

Abin da Motsi Yake Yi wa Jiki

Ɗaya daga cikin hujjojin farko da kimiyya ta samu a kan wannan batu ta fito ne daga motocin haya na birnin Landan a Ingila. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan sufurin birnin, su kimanin 31,000. Motocin masu bene ne. Direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala kullum yana karɓar kuɗin mota. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Da aka gwada masu yawon raba wasiƙu da ma'aikatan da ke zaune a ofis, sai aka sake samun irin wannan bambanci. Bincike masu yawa da suka biyo baya a ƙasashe daban-daban sun tabbatar da abin da Morris ya gani. Ga wasu daga cikin dalilan.

Na farko, zuciya tsoka ce. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a dare da rana, tana tura jini kusan lita 5 a kowane minti. Idan ana gudu ko aiki mai nauyi, tsokoki suna neman ƙarin iskar oksijin, sai jinin da take turawa ya ninka sau 4 ko fiye. Zuciyar da ta saba da irin wannan aiki tana ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar yawan bugawa lokacin hutu. Wannan ne ya sa ake samun 'yan tsere da bugun zuciyarsu bai wuce 50 a minti ba. Har ila yau motsi yana sa jijiyoyin jini su kasance masu taushi, suna buɗewa cikin sauƙi, wanda hakan yake rage hawan jini.

Na biyu, tsoka ita ce babbar mai shan sukarin da ke cikin jini. Bayan an ci tuwo ko shinkafa, hanji yana narkar da sitacin ya zama sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Wata halitta da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, tana fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka. A jikin da ba ya motsi, wanda kitse ya taru a cikinsa, ƙofar tana daina jin umarnin insulin sosai, sai sukari ya yi ta taruwa a jini. Wannan shi ne mafarin irin ciwon sukarin da ya fi kama manya. Abin sha'awa shi ne, tsokar da ke aiki tana iya jan sukari ko da insulin kaɗan ne, kuma tana ci gaba da jin umarninsa da kyau har tsawon sa'o'i masu yawa bayan an gama motsin. Ɗan tattaki bayan cin abinci yana da amfani saboda wannan dalili.

Na uku, ƙashi abu ne mai rai, yana kauri idan ana ɗora masa nauyi. Gudu da tsalle da ɗaukar kaya daidai ƙarfi suna sa shi ya tara sinadarin kalsiyam. Babban ɓangare na ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne a shekarun samartaka, kafin a kai 30 kuma ginin ya kammala. Ke nan ɗalibin sakandare yana cikin lokacin da icce yake ɗanye, lokacin da ake iya tanƙwara shi.

Na huɗu, motsi yana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana rage damuwa, yana kuma kawo barci mai daɗi. Ɗalibin da ya daina wasa gaba ɗaya domin jarrabawa ta matso ya cuci karatunsa ne.

Nawa ne Ya Wadatar?

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an shawarci yara da matasa masu shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsi matsakaici ko mai ƙarfi a kowace rana, a cikin mako kuma a samu kwana 3 da aka yi wasa mai ƙarfi wanda ke gina tsoka da ƙashi. Manya kuwa su samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Alƙaluman hukumar na 2016 sun nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma 'yan mata sun fi maza ƙarancin motsi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane nauyin motsi. Idan numfashinka ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, to motsin matsakaici ne. Idan ba ka iya furta fiye da 'yan kalmomi sai ka tsaya jan numfashi, to mai ƙarfi ne.

Ba dole ne a haɗa minti 60 ɗin a lokaci ɗaya ba, kuma ba a buƙatar takalmi na musamman. Ɗalibin da makarantarsa ke da nisan kilomita 2 daga gida, idan ya taka da sauri zuwa da dawowa, ya samu kusan minti 50. Jan ruwa a rijiya, tura baro, shara, wanki, daka da surfe, noma da girbi, tuƙa keke, duk motsa jiki ne na gaske. Haka ƙwallon ƙafa da langa da kokawa. 'Yan mata kuma suna da gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, waɗanda ake iya yi a tsakar gida. Ya kamata iyaye da malamai su lura cewa yarinya takan bar wasa da zarar ta fara girma, alhali a lokacin ne ƙashinta ya fi buƙatarsa. Makarantun da ke kusa da Dutsen Kufena kuwa, hawansa tare da malami sau ɗaya a zango darasi ne na lafiya da na labarin ƙasa a haɗe.

Abin da Ke Cikin Akushi

Domin sauƙin fahimta, akan kasa abinci gida 3. Akwai mai ba da kuzari, kamar dawa, gero, masara, shinkafa, doya, dankali da mai. Akwai mai gina jiki, wato mai furotin, kamar wake, waken suya, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama. Akwai kuma mai kare jiki daga cuta, wato ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu ɗauke da bitamin da ma'adanai. Cikar abinci ita ce a samu wakilin kowane gida a cikin akushi, ba cika ciki kawai ba.

Abokan wasa sun daɗe suna yi wa Zazzagawa ba'a da fate. To, bari mu ɗora faten a kan ma'aunin kimiyya. Tsakin masara yana ba da kuzari. Wake da dakakkiyar gyaɗa suna ba da furotin da mai. Rama da yakuwa da alayyahu da gauta da albasa suna ba da bitamin da ma'adanai. Ruwan da ke cikinsa yana sa a ƙoshi ba tare da an tara kalori mai yawa ba. A tukunya ɗaya an haɗa gidajen nan 3, cikin kuɗi kaɗan. Farar shinkafa da mai da yaji, ko taliyar leda da aka dafa ita kaɗai, ba su kama ƙafar fate ba ta fuskar gina jiki.

Akwai hikima ta musamman a haɗa hatsi da wake. Furotin ya ƙunshi ƙananan tubala da ake kira amino asid, 9 daga cikinsu kuma jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin guda mai suna layisin, wanda yake da yawa a wake. Wake kuma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi yake da shi. Idan aka haɗa su, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, kunu da alala, dambu da ƙuli-ƙuli, duk irin wannan haɗi ne. Kusan kashi 1 cikin 4 na busasshen wake furotin ne, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma irin waken da muke ci. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda ta faro a 1922, ta fitar da ire-irensa da dama masu suna SAMPEA. Saboda haka gidan da nama ya yi wa tsada bai rasa abin gina jiki ba matuƙar akwai wake da gyaɗa da awara da daddawa.

Ganyayenmu ma ba abin rainawa ba ne. Garin kuka yana da kalsiyam mai yawa, garin 'ya'yan kuka kuma yana da bitamin C. Zogale da karas da mangwaro da gwanda da kabewa suna ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, mai kare ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, wato kimanin cikin tafin hannu 5. Lambunan fadamar Galma suna sa ko da rani ba a rasa su a kasuwannin Zariya.

Akwai kuma harza, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusar hatsi da ɓawon wake da ganye. Wani likita, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa wasu cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba su da yawa a ƙauyukan Afirka, a shekarun 1970 kuma ya danganta hakan da yawan harza a abincin mutanen ƙauye. Bincike na baya ya nuna harza tana hana taurin bayan gida, tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana kuma rage haɗarin sankarar hanji. Duk sa'ad da aka surfe hatsi har ya yi fari fat, aka bai wa awaki dusar, to an ba su wani ɓangare mai daraja na abincin.

Abubuwa Uku da Za a Yi wa Linzami

Sukari. A yawancin lemon kwalba akwai sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar giram 4. Ke nan kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9, ta roba mai santilita 50 kuma kusan cokali 13. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci, wato kimanin cokali 12 a rana ga baligi, idan an tsaya a 6 ma ya fi. Roba ɗaya ta wuce iyakar yini guda, kuma kafin a ƙona kalorin da ke cikinta sai an yi tafiyar sauri ta kusan awa 1. Damuwa da wannan na cikin abin da ya sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a Nijeriya. A lura, zoɓo da kunun aya da fura da shayi, idan aka zabga musu sukari, hukuncinsu ɗaya da lemo.

Gishiri. Yawan gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, matsinsa ya hau. Iyakar da aka shawarta ga baligi ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali 1 ba, har da wanda ke ɓoye a burodi da kilishi da yaji. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Mai girkin da ta zuba dunƙule da yawa, ta ƙara gishiri a kai, ta ninka abin sau biyu. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano, harshe kuma yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni.

Mai. Babban cokali 1 na mai yana da kalori kimanin 120. Jiki yana buƙatar mai, amma ba miyar da mai ke iyo a kanta ba. Manja yana da sinadarin da ke zama bitamin A, sai dai idan aka soya shi har jansa ya gushe, sinadarin ya lalace. Man suya da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi shi ma abin gudu ne.

Rama da Ƙiba a Gida Ɗaya

Kada ɗalibi ya fahimci cewa darasin nan kira ne ga rage cin abinci. Ƙasarmu tana fama da matsala ta fuska biyu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, alhali kashi 28 na matan nauyinsu ya wuce ƙima. Mafi yawan 'yan sakandare suna cikin girma ne, abin da suke buƙata shi ne abinci isasshe mai inganci, musamman karin kumallo. 'Yan mata da suka fara al'ada suna buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a hanta da nama da kifi da wake da ganye. Bitamin C, kamar na lemon zaƙi da gwaiba da tumatir, yana taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa yana hanawa idan aka sha tare da abinci.

A ɗaya gefen, ya kamata mu sake duban al'adar ɗaukar teɓa alamar hutu da wadata. Baligi zai iya gwada kansa ta raba nauyinsa a kilo da tsawonsa a mita sau tsawonsa. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 65 zai samu 65 ÷ 2.89, wato 22.5. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce mai haɗari. Yara da matasa suna da jadawalinsu daban, wanda ma'aikatan lafiya ke amfani da shi.

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada zuwa Shika a 2005, ya san abin da irin wannan ciwo yake ci na dukiya da hankalin iyali. Awon jini kuwa minti kaɗan ne a ƙaramin asibitin unguwa. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, sai a ga likita. Gado yana da hannu a hawan jini da ciwon sukari, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako da rage ɗan nauyi sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka bai wa ƙwayar magani kuwa da kashi 31.

Gwaje-gwaje Domin Aji

Gwaji na 1. Kowane ɗalibi ya zauna shiru minti 5. Ya ɗora yatsu 2 a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4. Sannan ya yi ta hawa da sauka a kan dakali ko matakala har minti 3. Ya sake ƙirgawa nan take, da bayan minti 1, da 2, da 3. A zana sakamakon a jadawali. Zuciyar da ta saba da aiki ta fi saurin komawa bugunta na hutu. A maimaita bayan mako 8 na motsa jiki kullum, kowa ya gwada da sakamakonsa na farko.

Gwaji na 2. A tattaro robobi da gwangwanayen lemo da aka shanye. A karanta yawan sukarin da aka rubuta a jikinsu, a lissafa na dukan robar, a raba da 4, sannan a auna wannan adadin cokula a zuba a kofin gilashi, kowa ya gani da idonsa.

Gwaji na 3, aikin gida. A yanki igiya daidai tsawon mahaifi ko mahaifiya, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugu daidai saitin cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, faɗin ƙugu ya wuce rabin tsawo, alamar kitse ya taru a ciki. Wannan gwaji ba na mai juna biyu ba ne.

Hattara

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa a hankali. A watannin Maris da Afrilu a guji tsakar rana, a sha ruwa kafin wasa da bayansa. Lokacin hunturu mai ciwon asma ya kiyayi ƙura. A watan azumi a sassauta, a bar mai ƙarfi sai bayan buɗa baki. Mai ciwon sikila ko na zuciya ya nemi shawarar likita a kan abin da ya dace da shi, malamin wasanni kuma kada ya tilasta masa abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina sha don ya fara motsa jiki.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya bambanta dattijon Dutsen Abba da ɗansa ba wani sirri ba ne: abin da kowannensu yake yi da jikinsa ne kullum, da abin da yake sawa a bakinsa. Ba mai cewa a yar da injin niƙa ko a daina hawa mota. Abin nufi shi ne, motsin da aiki ya daina tilasta mana, mu neme shi da kanmu, abincin gida da muka fara rainawa kuma mu san darajarsa. Ɗalibin da ya taka zuwa makaranta, ya yi wasa da yamma, ya zaɓi ruwa a kan lemo, ya kuma nemi wake da ganye a akushinsa, ya fara rigakafin cututtukan da ba za su nuna kansu ba sai bayan shekara 20 ko 30. Idan ya kai wannan ilimi gida ga iyayensa, amfanin ya zo tun yanzu.

Tambayoyi

1. Mene ne kalori? Kalori nawa ke cikin giram 20 na mai?
2. Bayyana binciken da aka yi a kan ma'aikatan sufurin Landan a 1953, da abin da ya koyar.
3. Ta yaya motsa jiki yake taimakawa wajen rage sukari a jini?
4. Me ya sa haɗa hatsi da wake ya fi cin kowannensu shi kaɗai? Kawo misalai 3 daga abincin garinku.
5. Wani baligi yana da tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 70. Lissafa ma'auninsa, ka faɗi rukunin da ya faɗa.
6. Rubuta duk abin da ka ci da duk motsin da ka yi na kwana 7. A waɗanne ranaku ka cika minti 60, kuma wane gida cikin gidajen abinci 3 ya fi ƙaranci a akushinka?